Zauren Iyali: Abin da tattabara ta koya wa mai ɗaukar hoto

Kun saba jin mu a kan tarbiyya da zumunci da kuɗin cefane. Yau kuwa zancenmu na tattabara ne da na'urar ɗaukar hoto. Kada mai karatu ya ce mun saki hanya. In ya yi haƙuri ya bi mu, zai tarar zancen cikin gida ya komo, inda ya saba ƙarewa.

A hunturun da ya wuce ne wani amininmu ya dawo daga fatauci Kwatano, ya kawo mana tsarabar kamara ta hannu, wadda ta ɗan sha jiki amma idonta garau. Muka yi godiya, muka rasa abin da za mu ɗauka da ita, domin ba biki a gabanmu ba suna. Sai ɗan ƙanwarmu, yaro mai shekara 11 da ke zaune wurinmu a nan Damagaram, ya ce, "Kawu, ka ɗauki Ƴar Fara mana." Ƴar Fara tattabararsa ce. Ita da namijinta suna zaune cikin wata tsohuwar tukunya da ya rataye a jikin katangar bayan ɗaki. Shekara biyu ke nan muna wuce tukunyar nan safe da yamma, amma da a lokacin an tambaye mu launin idon tsuntsuwar, da ba mu da amsa.

Ranar farko da rana tsaka muka fito. Muka ɗauki hoto ya fi 40, ba ko ɗaya na kirki. A wani ta zama farin tabo kamar an ɗiga nono a ƙasa, a wani jelarta kaɗai ta shiga, a wani kuma ta riga ta tashi, sai katanga. Yaro ya duba ya ce, "Kawu, wannan ai ba ita ba ce." Gaskiyarsa.

Darasi na farko da muka koya shi ne, mai ɗaukar hoto haske yake ɗauka, ba abu ba. Hasken tsakar rana kaifi gare shi, yana cinye fari ya baƙanta inuwa. Hasken da ke biyo bayan fitowar rana, da na bayan la'asar sakaliya, shi ne mai taushi, yana zuwa daga gefe ya fito da kowane gashi daki-daki. Hazon hunturu ma, wanda muke kuka da shi saboda mura da kaushi, ashe aboki ne, domin yana tace rana kamar yadda mayani ke tace gasara. Muka gane kuma farar tsuntsuwa jar katanga take so a bayanta, ba farin sama ba. Sannan muka daina ɗaukarta daga tsaye. Muka shimfiɗa tabarma muka kwanta rub da ciki, idon kamara daidai da idonta. Matan gida suka sha dariya har da riƙe ciki, mu dai ba mu tashi ba.

Darasi na biyu haƙuri ne. Tsuntsu ba a ce masa tsaya. Sai da muka yi mako guda muna watsa gero a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, muna zaune ba motsi, kafin ta yarda cewa baƙin abin nan da ke hannunmu ba danƙon harbi ba ne. Daga nan ta fara nuna mana abin da ido bai taɓa gani ba, ko da yake kullum a gabansa yake.

Mun ɗauka tattabara kaɗa kai take yi gaba da baya in tana tafiya. Jerin hotuna ya nuna mana ba haka ba ne. Kan yana tsayawa cik a wuri ɗaya, jiki ya biyo shi, sannan ta cilla shi gaba ya sake tsayawa. Masana sun ce da haka take tsayar da ganinta, don kada duniya ta yi ta rawa a idonta. A wani hoton muka ga idonta ya yi fari kamar mai yana, har gabanmu ya faɗi. Ashe wata fata ce siririya, fatar ido ta uku, da ke sharo idon daga gefe cikin ƙiftawar da mutum ba ya iya kamawa. Muka lura da shan ruwanta. Kaza kan ɗiba ta ɗaga kai sama, ita kuwa tattabara tsoma baki take ta zuƙa ba ɗagawa. Wuyan namijin kuma, in ya juya nan kore, in ya juya can shunayya, ba don akwai rini a gashin ba, sai don yadda aka tsara shi yana wasa da haske.

Fiffike ne ya fi ba mu wuya. Sai da muka sa kamara ta buɗe ido ta rufe cikin kashi ɗaya daga 1000 na daƙiƙa kafin ya tsaya mana a sarari, kowane gashi a ware kamar yatsun hannu. Ba mu ne farkon masu wannan ƙishirwa ba. A shekarar 1882 wani masani Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, ya ƙera kamara mai siffar bindiga da ke ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa guda, don kawai ya gane yadda tsuntsu ke tashi. Mu kuwa da muka ga namu hoton, Suratul Mulk ce ta faɗo mana a rai, inda Allah Maɗaukaki ya ja hankalin bayinsa ga tsuntsaye a samansu, suna shimfiɗa fikafikai suna naɗewa. Tun muna makarantar allo muka hardace ayar, mun karanta ta ba adadi. Amma sai ran nan muka tsaya muka yi kallon da ta umurce mu da shi.

Idon da ya koyi kallo ba ya tsayawa kan tsuntsu. Ranar da Ƴar Fara ta ƙi sauka, sai mu juya ga abin da ke kusa: gumin da ke tsattsafowa a jikin randa, inuwar buta a kan yashi, alluna jingine a zaure tawada ba ta bushe ba, tsagin da shekaru suka yi wa turmi. Wani zai ce wannan aikin marar aikin yi ne. To, hoto mafi tsufa da ya rage a duniya cikin waɗanda aka ɗauka da kamara, wanda Nicéphore Niépce ya yi a Faransa wajen 1826 ko 1827, ba na sarki ba ne, ba na yaƙi ba. Abin da ya hango ta tagar gidansa ne, rufin ɗakuna da farfajiya, har da wani gini da ake kira ɗakin tattabaru. Sai da haske ya yi aƙalla awa 8 yana aiki kafin hoton ya kama.

Asalin abin ma ya girmi Niépce nesa ba kusa ba. Malam Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa gani na faruwa ne da hasken da ke shiga ido, ba da wani abu da ke fita daga cikinsa ba, ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu. Muka tara yaran gida muka maimaita gwajin. Muka toshe ƙofa da taga da barguna, muka bar huda ɗaya ƙarama kamar ƙwayar wake. Da ido ya saba da duhu, sai ga dogon yaron ƙofar gida a jikin bango, kansa ƙasa gindinsa sama, ganyensa na motsi. Yara suka yi tsit, can ƙaramarsu ta ce, "Subhanallahi!" Ba wanda ya ce mata ta faɗa.

Mai karatu zai tambaya, ina hukuncin hoto a nan? Mu ma mun kai tambayar gaban mahaifinmu, wanda ya daɗe yana limanci a unguwarmu. Malam ya ce saɓanin malamai a nan sananne ne. Abin da malaman Malikiyya suka haramta shi ne siffa mai jiki da inuwa ta abu mai rai, cikakkiya, irin gunki. Zanen da ba shi da inuwa bai kai haramun ba a wurinsu, ko da yake barinsa ya fi. Da hoton kamara ya zo, Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, tsohon muftin Masar da ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta shi, a kan cewa kama inuwar halitta ne kamar madubi, ba ƙaga halitta ba. Akwai kuma malaman da suka hana shi sai da lalura, kuma ba a raina hujjarsu. Sannan Malam ya ce, "Ni ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da za ka yi wa bayin Allah kafin ka samu hoton, da inda hoton zai je bayan ka same shi, nan ne za a tambaye ka." Muka ce to, ba tare da mun gane nauyin maganar ba. Ba a yi wata guda ba muka gane, har sau biyu.

Na farko, Ƴar Fara ta yi ƙwai biyu kamar yadda tattabaru suka saba, ta shiga kwanci, namijin na karɓar ta da rana, ita ta kwana a kai. Kwana 18 ko kusa da haka ake yi a ƙyanƙyashe. Zumuɗi ya kama mu, muka ce sai mun ɗauke ta a kan ƙwan. Da rana cikin tukunyar duhu ne, kuma namijin ne a ciki, sai muka lallaɓa bayan isha'i muka kunna walƙiyar kamara a fuskarta. Ta yi firgigit ta fice cikin dare, ba ta komo ba sai da gari ya waye. Daren kuwa na tsananin sanyi ne. Ƙwan nan ba su ƙyanƙyashe ba. Yaro ya yi ta ƙirga kwanaki har ya wuce 20, sannan ya sauko da su a tafin hannu ya zo ya tsaya gabanmu. Bai ce uffan ba. Da ya yi magana da ya fi mana sauƙi.

Da labari ya kai wa Malam, bai ɗaga murya ba. Ya tuna mana hadisin Abu Dawuda, na lokacin da wasu sahabbai suka ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa a tafiya, uwar ta zo tana fuffuka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. Ya tuna mana kuma yadda Annabi ya kula da ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu. Daga nan malamai suka fahimci halaccin yaro ya riƙe tsuntsu, muddin ana ci da shi ana shayar da shi ba a cutar da shi. Ya ce, "Haƙƙi biyu ka ci, na tsuntsuwa da na yaro. Je ka nemi gafarar wanda zai iya yafe maka da baki, ɗayan kuma ka roƙi Ubangijinta." Muka je muka ba ɗan shekara 11 haƙuri. Hoton daren nan yana nan, ya fito tas, amma ba mu iya kallonsa.

Na biyu, wata la'asar namijin ya sauka kan katangar da ta raba mu da maƙwabta, rana ta bugi wuyansa, muka hau turmi muka ɗauka. Hoto ne da ba mu taɓa samun irinsa ba. Har mun juye shi a salula za mu tura wa abokai ta WhatsApp, sai uwargida ta ce mu faɗaɗa mata kusurwar hagu. Ga matar maƙwabcinmu can a tsakar gidanta tana wanki, ba mayafi, ba ta san da mu ba. Mu tsuntsu muka gani, kamara kuwa ba ta da kunya, duk abin da ke gabanta take kwashewa. Da hoton nan ya fita, da wa zai iya kiran sa ya dawo? Shari'ar da ta sa a nemi izini sau uku kafin a shiga gidan mutane saboda gani ta sa shi. Muka goge hoton a take, daga salula da kamara duka, kuma ba mu sake hawa turmin nan ba.

To, ƴan uwa iyaye, ga inda zancen ya komo gida. Yau da wuya a sami gidan da ba kamara a aljihun wani, sau da yawa ma a hannun yaro. Hana su gaba ɗaya ba ya yiwuwa, sake musu kuma sakaci ne. Abin da muka gani shi ne a ba idon yaro aikin yi. A ce ya ɗauko mana ganye ɗaya da safe da rana da yamma, ya faɗi abin da ya sāke. A bar shi ya bi akuya ko kaza ko ƙadangare da haƙuri, ba da kora ba. A kafa masa sharuɗɗa uku tun farko: ba a cutar da mai rai don hoto, ba a ɗaukar mutum sai da saninsa da yardarsa, ba a tura hoto sai an duba kusurwoyinsa huɗu. Yaron da ya tashi da waɗannan, ko ya bar kamara ba za su bar shi ba.

Ƴar Fara ta sake yin ƙwai bayan ƴan makonni. Wannan karon mun rataye kamara, muka bar ta da aikinta. Ƴan shila biyu ne yanzu a tukunyar, uwa da uba na ɗura musu abinci baki da baki, mu da yaro muna kallo daga nesa. Idonta, in mai karatu na son sani, ja ne mai ratsin ruwan goro.

Allah ya sa mu cikin masu gani su yi tunani, ya tsare idanunmu daga abin da ba namu ba, ya yafe mana haƙƙin da muka ci da sani da rashin sani. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.