Ɗan Marina ya ɓata a rumbun bayanai, kuma da hannunmu a ciki

Kullum muna ƙorafin cewa Google bai san Hausa ba. Yau mu fara tuhumar kanmu.

Mu ɗauki Wali Ɗan Marina, malamin Katsina na ƙarni na 17. A kundayen littattafan Larabci sunansa Ibn al-Sabbagh, wato ɗan mai rini. A bakin Katsinawa kuma Ɗan Marna ne, kamar sunan maƙabartar da aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Mutum ɗaya, suna uku. Ɗalibin da ya rubuta ɗaya a wurin bincike, sai rumbun bayanai ya ba shi abin da ya dace da haruffan nan kaɗai, ya ɓoye sauran. Haka abin yake ga Muhammad al-Kishnawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741. Mu nawa ne muka san Kishnawi na nufin Bakatsine?

Masana kwamfuta suna da magani iri biyu. Na farko salsalar ma'ana: a rubuta wa na'ura cewa sunayen nan uku na mutum ɗaya ne, malami ne, ɗan Katsina, a wane zamani ya rayu. Ko da wane suna aka nema, sai ta tattaro duka. Na biyu lissafin yiwuwa: idan aka rubuta "kura", na'ura ta dubi kalmomin da ke kewaye, ta auna. Kusa da "hunturu", ƙura ce ta fi rinjaye. Kusa da "akuya", dabbar dawa ce.

To daga ina na'ura take koyon wannan awo? Daga rubutunmu. Mu da muke rubuta "kasa" ga ƙasar noma da kuma kasa cin jarrabawa, mu ne muke ba ta gurɓataccen ma'auni.

Wasunmu za su ce ai mai karatu zai gane. Gaskiya ne, Bahaushe zai gane. Amma sai ya tarar da rubutun tukuna, kuma yau na'ura ce 'yar jagorarsa. Wasu kuma za su ce wannan aikin gwamnati ne da jami'o'i. Suna da nasu kason, amma Wikidata tana nan tun 2012, kowa yana iya ƙara wa mutum laƙabinsa da Hausa, kyauta, daga waya.

Saboda haka a wannan makon mu ɗauki alkawari. Mu sa maɓallan Hausa a wayoyinmu, mu daina jefar da ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ. Idan muka ambaci wani malami ko marubuci, mu kawo duk sunayen da aka san shi da su. Kowannenmu kuma ya zaɓi Bakatsine ɗaya, ya haɗa sunayensa a Wikidata, ya dawo nan ya faɗa mana wanda ya ɗauka. Mu da muka rubuta wannan mun ɗauki Wali Ɗan Masani.