Su wa ke riƙe da kamfanin rawa idan 'yan kallo sun watse?

A wannan makon za mu leƙa wata sana'a da ta yi nisa da mu ƙwarai, wato rawar bale. Kada wani ya ce Yaya ya zo koya mana rawar Turawa. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ake tafiyar da aikin, da kuma inda masu yinsa suke dosa ranar da gwiwa ta ce ta gaji.

Bale rawa ce ta dandamali da ake ba da labari da ita ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba, sai motsin jiki da kiɗa. Ta samo asali ne a fadojin Italiya, ta bunƙasa a Faransa, inda Sarki Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. Yaro kan fara koyonta tun yana firamare, ya shiga aiki yana ɗan shekara 18 ko 19, kuma galibi kafin ya cika 40 ya sauka daga dandamali. Lissafa da kanku: mutum ya yi ritaya a shekarun da likita ko lauya yake fara cin moriyar karatunsa. Duk mai mafarkin buga ƙwallon ƙafa a cikinku ya san wannan lissafin ya shafe shi.

Kamfanin da na zaɓa shi ne Birmingham Royal Ballet, da ke birnin Bamingham a tsakiyar Ingila. Yana da 'yan rawa wajen 60 da ƙungiyar makaɗa tasa ta kansa, kuma mazauninsa gidan wasa ne da ake kira Hippodrome. Da can a Landan yake, da sunan Sadler's Wells Royal Ballet, yana yawon wasa gari-gari. Sai a 1990 ya tattara ya koma Bamingham bisa gayyatar hukumar birnin.

Wanda ya jagoranci wannan ƙaura shi ne Peter Wright, kuma labarinsa ya kamata ya kwantar da hankalin duk wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawar shiga makaranta. An haife shi a 1926. Yana saurayi ya nemi gurbi a makarantar rawa ta Sadler's Wells, ba a ɗauke shi ba. Sai ya bi wata hanyar, ya koyi aiki a ƙungiyar wani Bajamushe mai suna Kurt Jooss, ya yi rawa a nan da can, daga baya ya tafi birnin Stuttgart na Jamus a 1961 a matsayin mai horar da 'yan rawa. Bai yi suna a matsayin tauraron dandamali ba. Inda ya gagara shi ne ɗaukar tsofaffin wasanni irin su Giselle ya sake shirya su yadda labarin zai fito fili, mai kallo ya gane dalilin kowane motsi. A 1977 aka ba shi shugabancin kamfanin, wato reshen gidan nan da ya taɓa rufe masa ƙofa.

Ƙaurar 1990 ba ƙaramin aiki ba ce. Ka ce wa mutanen da suka yi gida da iyali a babban birnin ƙasa su kwashe kaya su koma wani gari inda babu tabbacin za a sayi tikitinsu. Wright ya lallashe su, kuma a shekarar da suka sauka ya shirya wa birnin wasan The Nutcracker a matsayin tukuici. Har yau, bayan fiye da shekara 30, ana nuna wannan shiri nasa a lokacin hutun ƙarshen shekara, kuma yana cikin wasannin da suka fi kawo wa kamfanin kuɗi. A ganina wannan ne ma'aunin shugabancinsa: ya sauka tun 1995, amma aikin hannunsa yana taimakawa wajen biyan albashin yaran da ba a ma haife su ba a lokacin.

Magajinsa David Bintley mai ƙirƙirar sababbin raye-raye ne, kuma ya riƙe kujerar shekara 24, daga 1995 zuwa 2019. Shi ma a cikin kamfanin ya tashi, ya fara tsara rawa tun yana ɗan shekara 20 da 'yan kai. Tsakanin 2010 da 2014 ma ya haɗa da shugabancin kamfanin bale na ƙasar Japan, yana kai-komo tsakanin ƙasashen biyu.

Amma kafin mu zo kan shugaban da kowa ya sani, bari mu shiga ɗakin atisaye, domin a nan ne ainihin aikin yake. Kowace safiya ta aiki, daga sabon shiga har babban tauraro, kowa sai ya tsaya darasin motsa jiki na fiye da awa guda, sannan a shiga bitar wasanni. Masu tsayawa a gaban ɗakin, suna ƙirga kiɗa suna gyara kafaɗa da tafin ƙafa, kusan dukkansu tsofaffin 'yan rawa ne. Sunansu ba ya fitowa da manyan baƙaƙe a allon talla. Idan mutum 24 suka ɗaga hannu lokaci guda kamar jiki ɗaya, aikinsu ne kake kallo.

Ɗauki Marion Tait. Ta shiga wannan kamfani a 1968, tun yana yawon gari-gari, ta kai matsayi mafi girma na 'yan rawa a 1974. Da lokacin sauka ya yi ba ta tafi gida ba. A 1995 ta zama mai horar da 'yan rawa, a 2011 ta zama mataimakiyar darakta, kuma ta ci gaba da fitowa a matsayin uwa ko muguwar tsohuwa, irin fitowar da ba ta buƙatar tsalle sai iya nuna hali. Fiye da shekara 50 a gida ɗaya. Shugabanni sun zo sun tafi, ita ce ke tuna yadda mai wasan na asali ya ce a juya kai a wuri kaza, da dalilin da ya sa. Rawa ba kamar littafi ba ce da za ka ajiye a kanta ka dawo bayan shekara 10 ka tarar da ita yadda ka bar ta. Idan babu mai miƙa ta daga jiki zuwa jiki, sai ta ɓace.

Akwai kuma wani aiki da na tabbata zai burge masu son lissafi: rubuta rawa a takarda. A 1955 wani akanta mai suna Rudolf Benesh da matarsa Joan, wadda 'yar rawa ce, suka fito da tsarin rubuta motsi a kan layuka 5 irin na rubutun kiɗa. Layin sama saman kai ne, sai kafaɗu, sai ƙugu, sai gwiwoyi, na ƙasa kuma shi ne daɓen da ake takawa. Ana sa alama a inda hannu ko ƙafa take, kamar kana kallon mai rawar daga bayansa. Manyan kamfanonin Ingila suna ɗaukar mutanen da wannan ne aikinsu, su zauna a gefe da fensir yayin da ake ƙirƙirar sabon wasa. Bidiyo yana nuna abin da ɗan rawa ya yi a daren da aka ɗauka, har da kurensa, takarda kuwa tana riƙe abin da aka so ya yi.

To, mu zo kan Carlos Acosta. An haife shi a 1973 a wata unguwar talakawa a Habana, babban birnin Kyuba, shi ne auta cikin 'ya'ya 11. Mahaifinsa direban babbar mota ne. Yaron ƙwallo yake so da rawar titi, uban kuwa ya ga yawon ya yi yawa, sai ya kai shi makarantar bale ta gwamnati, inda ake da horo mai tsanani kuma ake ba da abinci kyauta. Carlos ya yi ta gudun makaranta har aka kore shi, aka mayar da shi makarantar kwana a lardin Pinar del Río. A can hankalinsa ya dawo. A 1990, yana ɗan shekara 16, ya ci lambar zinariya a gasar matasan 'yan rawa ta birnin Lausanne a Suwizalan. Ya yi aiki a Houston ta Amurka daga 1993, sannan ya koma Royal Ballet ta Landan a 1998, inda ya zama baƙar fata na farko da ya kai matsayin babban ɗan rawa a gidan. Ya yi bankwana da su a 2015 yana da shekara 42.

Abin lura shi ne bai jira ranar bankwana ba kafin ya fara koyon wani abu. Tun yana kan ganiyarsa ya shirya wasansa na kansa mai suna Tocororo a 2003, ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya shirya Don Quixote wa Royal Ballet a 2013, sannan ya kafa kamfaninsa, Acosta Danza, a Habana. Saboda haka lokacin da Bamingham ta ba shi shugabanci, ya riga ya san ciwon kan neman kuɗi da ɗaukar ma'aikata. Ina jaddada wannan ne domin suna kaɗai ba ya riƙe kamfani. Tauraro ya saba kowa yana yi masa hidima, darakta kuwa shi ne zai kalli yarinyar da ta shekara 6 tana jiran ƙarin matsayi ya ce mata bana ma ba ita ba ce.

Ya kama aiki a Janairun 2020. Bayan wata biyu annobar korona ta rufe gidajen wasa, 'yan rawansa suka koma atisaye a ɗakunan girkinsu suna bin malami ta intanet. Da aka buɗe, sai ya fuskanci tsohuwar matsalar bale: yawancin mutanen gari suna ganin abin na masu kuɗi ne. Amsarsa ita ce ya nemi labarin birnin kansa. Bamingham ce mahaifar Black Sabbath, ƙungiyar mawaƙan nan masu kiɗa mai tsananin ƙara, sai ya sa aka shirya bale a kan kiɗansu a 2023. Bai tsara rawar da kansa ba, ya ɗauko wasu ya ba su aikin. Tikiti ya ƙare, kuma da yawa cikin masu saye ba su taɓa kallon bale ba. Wasu masu sharhi sun ga abin a matsayin dabarar kasuwa fiye da fasaha. Ni dai ban ga laifin shugaban da ya cika kujeru ba, matuƙar bai bar tsofaffin wasannin sun mutu ba, kuma bai bar su ba. A wannan shekarar ce kuma ya buɗe ƙaramin kamfani mai suna BRB2, inda waɗanda suka gama makarantar rawa ke yin shekara 2 suna samun gogewa kafin su shiga babban fage.

Wataƙila wasunku sun tuna bidiyon yaron nan na Legas, Anthony Madu, da ya karaɗe intanet a 2020 yana rawar bale ba takalmi a cikin ruwan sama. Makarantar da ta ɗauke shi daga baya, Elmhurst, a Bamingham take, kuma tana da alaƙa ta kusa da wannan kamfani.

Sai dai cika kujeru bai raba Acosta da lissafin kuɗi ba. A Satumban 2023 hukumar birnin Bamingham, wadda ta gayyato kamfanin a 1990, ta sanar da cewa asusunta ya kasa ɗaukar nauyinta. A kasafin da ya biyo baya ta yanke shawarar zabge rabin tallafin da take ba cibiyoyin fasaha na birnin, har da wannan kamfani, sannan ta janye shi gaba ɗaya a shekarar da ke biye.