Alamar Lissafi Ta Samu Gata, Saura Ƙugiyarmu

A ganina, 'yan'uwa ɗalibai, muna da abin koyi wajen masana lissafi. Manhajar Lean, wadda aka fara a 2013 don tantance hujjojin lissafi, tana barin mutum ya ƙirƙiri alamarsa, ta kuma nuna masa ita yadda ya tsara. Mu kuwa fa? Ka kai aikin Hausa shagon buga takardu a Luggere, sau da yawa sai ɗaiɗai ya dawo daidai, baƙi ya koma baki, malami kuma ya rage maka maki. Alhali ɓ, ɗ da ƙ suna cikin tsarin Unicode tun shekarun 1990. Kada mu biya kuɗin shafi sai mun ga ƙugiya a kansa.