ZAUREN IYALI: Ciwon Da Kunya Ta Hana A Faɗa

A wannan wata za mu taɓo wata magana mai nauyin faɗi, wato raɗaɗin da wasu mata ke ji a lokacin kwanciyar aure. Daga Gbalahi har cikin Zongon Tamale, mace takan shekara tana daurewa, in ta kai kuka wurin uwa ko gwaggo sai a ce, "Yi haƙuri 'yar nan, haka aure yake."

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2017 ya nuna cewa kashi 7.5 cikin 100 na mata masu saduwa da namiji sun yi fama da wannan ciwo har na wata 3 ko fiye a cikin shekara guda.

Sau da yawa daga jiki yake farawa: ciwon sanyi, ƙari wurin haihuwa, bushewar gaba lokacin shayarwa ko bayan ɗaukewar al'ada, ko kuwa tabon kaciya, wadda dokar Ghana ta haramta tun 1994. To, amma zuciya ma tana da nata hannu. Matar da ta sha wuya sau ɗaya takan shiga ɗaki da fargaba, fargabar ta sa naman gabanta ya ɗaure ba da nufinta ba, ni'ima ta ɗauke, zafin ya ƙaru. Gobe tsoron ya ninka. Daga nan sai ta fara neman uzuri, maigida kuma ya ce ƙinsa take yi, 'yan'uwa su ce aljani ya aure ta.

Wasu kan ruga ga maganin matsi, wanda ƙara bushewar yake yi. Wasu kuma a yi musu yankan gishiri, abin da ya jefa mata da dama a ƙasar Hausa cikin yoyon fitsari.

Shawararmu ita ce a kai ta wurin nas-ungozoma ko likitan mata a Asibitin Koyarwa na Tamale. Akwai maganin sanyi, akwai man shafawa mai rage zafi, ana kuma koya wa mace yadda za ta saki jikinta sannu a hankali.

Mu maza kuwa, mu sani tilas ba ya warkar da tsoro. Mu saurare ta, mu dakata in ta ce da zafi, mu raka ta asibiti da ƙafarmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin. Sai wata mai zuwa.