Mai Jego Ma Tana da Haƙƙin a Saurare Ta

Jama'a, duk lokacin da muka zauna maganar haƙƙinmu a wannan yanki, hankali kan tafi ga takardar shaidar asali, da rumfar kasuwa, da gurbin karatun yaranmu. Duk waɗannan a kan hanya suke. To amma akwai wani haƙƙi a cikin ɗakunanmu da ba ma tada zancensa, wato haƙƙin matar da ta haihu ta samu mai saurarenta da magani idan damuwa ta kama ta.

Mun san yadda abin yake a gidajenmu na Kauru da kewaye. An haihu lafiya, an yi barka, an yanka ragon suna ran bakwai, ana ta wankan jego da kunun kanwa har arba'in. Kowa na duba jikin mai jego da na jariri, amma da wuya a tambaye ta halin da zuciyarta ke ciki. In aka ga tana kuka ba dalili sai a ce shagwaɓa ce. In ta ƙi kula jaririn sai a ce kunyar ɗan fari ce. In abin ya yi tsanani sai a ce iska ce ko sammu.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 13 cikin 100 da suka haihu kan gamu da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa 20 cikin 100. Ke nan a cikin kowace mata biyar da muka je wa barka, ana iya samun ɗaya da ke fama a ɓoye.

Ya kamata kowane magidanci ya san bambancin abubuwa uku. Na farko, ɗan kuka da ƙunci da kan zo kwana biyu ko uku bayan haihuwa, wanda kan wuce da kansa cikin mako biyu. Na biyu, damuwar da ta zarce mako biyu: ba barci ko da jariri ya yi barci, ba cin abinci, ba walwala, mace na ganin kanta ba ta da amfani. Wannan na bukatar ma'aikacin lafiya. Na uku, wanda kan sami mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, shi ne ruɗewa, da surutai, da jin muryoyi, ko tunanin cutar da kanta ko jaririn. Wannan na gaggawa ne, a kai ta asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Addu'a ba ta hana neman magani, a haɗa su biyun.

Mu da muke zaune nesa da dangi, abin ya fi shafarmu. A al'ada mai haihuwar fari kan tafi wankan gida, uwarta da gwaggonninta na kewaye da ita. Yarinyar da aka auro daga Zariya ko Kano, ko wadda rikici ya raba da danginta, ba ta da wannan gata. Da yawa daga cikin matanmu sun ga tashin hankalin 2011 da idonsu, wasu sun tashi da labarin Kafanchan na 1987 da Zangon Kataf na 1992. Tsoro irin wannan ba ya gushewa don an haihu, wani lokaci ma haihuwar ce ke tono shi.

Doka tana tare da mu. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Sabuwar dokar ta ba mai wannan lalura haƙƙin samun kulawa cikin mutunci, ta kuma hana a nuna masa wariya. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda ƙabila ko addini ko asalinsa. Saboda haka ba alfarma muke roƙo ba.

Matsalar ita ce nisa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa a Kaduna, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika. Mai jego daga ƙauyen Kauru, ga kuɗin mota ga halin hanya, yaushe za ta kai? Amma ba kowace ce ke bukatar babban likita ba. A Pakistan an horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su riƙa tattaunawa da masu ciki da masu jego a gidajensu, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna damuwar ta ragu sosai. A Zimbabuwe kuwa tsofaffin mata aka koya wa sauraro da ba da shawara a harabar ƙananan asibitoci.

Don haka muna kira ga ƙaramar hukumar Kauru da ma'aikatar lafiya ta jihar Kaduna su horar da ma'aikatan ƙananan asibitocinmu, ta yadda duk matar da ta zo awo ko rigakafin jariri za a tambaye ta halin zuciyarta, a keɓe, cikin harshen da take ji. Wannan bukata ce ta kowa, domin maƙwabtanmu ma matansu na haihuwa, kuma ciwon bai san ƙabila ba. In muka haɗa baki da su, za a fi jin mu.

Mu ma a gida akwai namu aikin. Ungozomomi da malaman Islamiyya na mata su koyi alamomin nan. Iyayen miji su rage gori. Kai kuma maigida, ka zauna da matarka ka tambaye ta, ka karɓi jaririn ta samu barci, ka kai ta asibiti ba tare da jin kunyar abin da za a ce ba. Rigakafi ya fi magani, kuma lafiyar uwa ita ce lafiyar ɗa. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba matanmu lafiya.