Sanƙarau bai manta hanyar Kurfai ba

Duk wanda ya girma a Filinge, cikin ƙasar Kurfai, ya san yadda tsofaffi ke jin tsoron bazara. Da ƙurar hunturu ta haɗu da zafin watan Maris, in yaro ya ce kansa na ciwo, abin da uwa take fara yi shi ne ta sunkuyar da kansa ta ga ko wuya ya sandare. In ya sandare, gida ya shiga uku. Yaron da ya kai awaki kiwo da safe, kafin jibi an yi masa sutura. Wanda ya tsira kuma, sau da yawa kurumta ce rabonsa.

Tun a 1963 likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya bayyana yankin da sanƙarau ke yi wa ɗauki ɗai-ɗai a kudancin Sahara, ƙasarmu Nijar na tsakiyarsa. A 1995 cutar ta kashe dubban mutane a Nijar. A 1996 ta kama mutum kusan 250,000 a Afirka, ta hallaka kusan 25,000. Waɗannan su ne waɗanda suka kai ga ɗakin likita aka rubuta sunansu. Na rugage da ƙauyukan Dallol Bosso da aka binne a bayan gida, sai Allah ya san yawansu.

Abin da ƴan Kurfai ya kamata su riƙe shi ne, a watan Satumban 2010, a gundumar Filinge aka fara yin allurar MenAfriVac a duk faɗin Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. A Indiya aka haɗa ta, kuɗinta bai kai rabin dala ba. Nau'in A na sanƙarau, wanda allurar ke yaƙa kuma wanda ya fi cika maƙabartunmu, ya kusa ɓacewa tun daga nan.

Sai muka saki jiki. A 2015 nau'in C ya ɓulla, ya kama sama da mutum 8,000, ya kashe sama da 500, Yamai ta fi shan wuya. Allura ta yi ƙaranci, iyaye suka yi layi a kantunan magani, har jabu ta shigo kasuwa.

Yau akwai sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar na cutar, wadda Najeriya ta fara amfani da ita a 2024. Damuwata ita ce yaran da aka haifa bayan 2010, musamman a arewacin Tilaberi inda rashin tsaro ya raba iyalai da garuruwansu, katin rigakafi ya salwanta a hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumomin lafiya su bi ƴan gudun hijira har inda suka yada zango kafin watan Fabrairu. Masu gari da limamai su yi shela ranar kasuwa da ranar Juma'a. Ke kuma uwa, ki ɗauko katin ɗanki yau ki kai wa malamin asibiti ya duba.