Magarya da Dungas: wa zai koyi aikin jinyar firgici?



A wani shirin dare da muka yi kwanan baya, wani bawan Allah ya bugo mana waya daga wani ƙauye na wajen Bande. Bai faɗi sunansa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya ce matarsa ta dawo daga Aljeriya shekara biyu ke nan, kuma tun ran da ta dawo ba ta ƙara yin barcin kirki ba. Da ta ji ƙugin babbar mota sai jikinta ya ɗauki ɓari. Tsakar dare ta zabura tana kiran sunan ɗiyarta da ta rasu a hanyar Sahara. An yi rubutu ta sha, an yi hayaƙi, an kai ta likita an auna jini, aka ce babu masassara, babu komai. Sai ya ce: "Malam, to ni yanzu ina zan kai ta?" Muka yi tsit a kan iska, abin da ɗan rediyo ya fi tsana. Muka ce Allah ya ba ta lafiya, muka sa kiɗa. Wallahi mun ji kunya.

Abin da mutumin nan ya kwatanta yana da suna a wurin likitoci. Da Faransanci ana ce masa stress post-traumatique, mu kuma mu ce firgicin da ya ƙi wucewa. Mutum ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, ko aka yi masa fyaɗe, ko gini ya rufta kan iyalinsa, an yi watanni amma abin yana dawo masa kamar yau ya faru, a mafarki ko ido biyu. Yana gudun duk abin da zai tuna masa, ƙaramin motsi ya razana shi. Ba hauka ba ne. Mai wannan ciwo ya san kansa, ya san mutane, yana salla yana noma. Kuma yana warkewa.

Cikin hanyoyin jinyarsa akwai wadda ake kira EMDR, mu ce jinya ta motsa idanu. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam ƴar Amurka, Francine Shapiro, ta faro ta a 1987, ta fitar da bincikenta na farko a 1989. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa ta cikin hanyoyi biyu da take ba da shawarar a bi don wannan ciwo, ga manya da yara. A cikin waɗannan ƙa'idoji ne kuma ta ce kada a riƙa ba wanda ya firgita ƙwayoyi irin su diyazefam a makonnin farko. Masu sayen ƙwayar barci a tebur, kun ji dai.

Yadda ake yi, in an taƙaita: mai jinya ba ya fara da motsa ido. Sai ya san tarihin mutum, ya koya masa dabarun kwantar da hankalinsa in abin ya taso. Matakai 8 ne gaba ɗaya. In an zo tsakiyar aikin, sai majiyyaci ya kawo hoton abin da ya fi ci masa rai a zuciyarsa, ya faɗi nauyinsa daga 0 zuwa 10, sannan ya bi yatsun mai jinya da ido, dama da hagu, na ɗan lokaci kaɗan. A tsaya, a ja numfashi, a tambaye shi me ya zo masa, a sake. Zama ɗaya yakan ci awa guda zuwa awa da rabi, kuma ba zama ɗaya ake yi ba. A hankali hoton ya rage zafi. Mutum bai manta ba, amma abin ya koma labarin da ya wuce.

Mun san abin da wasu za su ce: wannan ai rufa-ido ne irin na ƴan tsibbu. Mu ma da muka fara karantawa dariya muka yi. Su kansu masanan har gobe suna gardama kan rawar da idon ke takawa. Wasu na cewa in ƙwaƙwalwa tana aiki biyu lokaci ɗaya, tuna abin da bin yatsa, hoton ba ya samun ƙarfin da ya saba. Wasu na cewa fuskantar abin a gaban mutumin da ka yarda da shi ne maganin, idon ƙari ne kawai. Amma a kan cewa mutane da yawa suna samun sauƙi, gwaje-gwaje sun nuna.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne wannan: a EMDR ba dole sai ka zayyana abin da ya same ka dalla-dalla ba, kuma babu aikin rubutu da za a ba ka ka je gida ka yi. Ku duba ƙasarmu. Matar da aka ci wa mutunci a hanya, wa za ta zauna ta ba labari tiryan-tiryan? Kunya ba za ta bari ba. Da yawa kuma ba su shiga lakwal ba. Ga waɗanda ba sa son namiji ya riƙa kaɗa musu hannu a fuska, akwai wata dabarar: mutum ya harɗe hannuwa a ƙirji ya riƙa ɗan bubbuga kafaɗunsa bi da bi. A ƙasar Meksiko aka fito da ita bayan guguwar 1997.

To me ya kawo Magarya da Dungas ciki? Mu ba fagen yaƙi ba ne kamar Difa ko Tilaberi, alhamdu lillahi. Amma mu tuna Oktoban 2013, da aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, akasari mata da yara, yawancinsu daga maƙwabtanmu na Kance. Tun ƙarshen 2014 ake maido da mutane daga Aljeriya, a 2022 aka kwaso ɗaruruwa daga Dakar, kuma kowa ya san garuruwan da motocin ke sauke su. Mu tuna Satumban 2018, da ƙungiyar MSF, wadda ta fara aiki a Magarya a 2005, ta ba da sanarwar cewa a wata guda yara kusan 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara, fiye da 700 na kwance. Kowane yaro cikinsu yana da uwa, kuma uwar ta goya shi ta koma Waca ko Sasumburum ko Malawa, aka ce ta yi haƙuri. Haƙuri wajibi ne, ba ma jayayya. Ba kuma duk mai baƙin ciki ne ke da wannan ciwo ba. Amma cikin matan nan akwai waɗanda har yau kukan jariri ke sa su gumi. Su ma ma'aikatan da suka kwana suna rufe idanun yaran, wa ya taɓa tambayar yadda suke barci? Ga kuma ambaliyar 2024, damanar da tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi.

Yau wanda abin ya tsananta masa, sai a yi Damagaram da shi, ko a ƙetara Kazaure ko Dawanau a Kano, in da kuɗin mota. Sauran suna gida. Matasa wasu su faɗa tramol.

Ra'ayinmu shi ne a horar da mutanenmu, amma ba irin horon da muka saba gani ba: kwana 3 a otel, allo, hoto, kuɗin zama, kowa ya watse da takardar shaida. Wannan aiki ne na buɗe ciwo. Wanda ya buɗe bai iya rufewa ba, ya bar mutum ya fi da lalacewa. A ƙasashen da ake yin EMDR da gaske, likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayya ake koya wa, a matakai, tare da wani gwani da ke bin aikinsu watanni. Saboda haka ba muna cewa a koya wa kowane majo na likitar ƙauye kaɗa yatsa ba. Majo da unguwarzoma su koyi gane ciwon da iya sauraro da sanin inda za su tura mutum. OMS na da tsari don haka tun 2008, mhGAP, wanda aka yi domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. Sannan a samu ko mutum biyu a asibitin Magarya, biyu a Dungas, mace a cikinsu dole, su yi cikakken horon. Muna da jami'ar André Salifou da makarantar kiwon lafiya a Damagaram, ba sai an je Yamai ba kafin a samo wanda za a koya wa.

Kuma su kasance masu jin Hausa, da Fulatanci ko Barbarci in ta samu. Wannan ba aikin da ake yi da tafinta ba ne. A ɗauke su aikin gwamnati, don in furoje ya naɗe tabarmarsa kada su bi shi. A sa malamanmu ciki tun farko, domin wurinsu ake fara zuwa, kuma malamin da ya ce "ga addu'a, amma ku je likita" ya fi sanarwa ɗari a rediyo.

Ƴan majalisarmu na shawara, magadan gari da sarakuna, a taron lafiya na gaba a gunduma muna so mu ji wani ya ɗaga hannu a kan wannan. Shi kuma bawan Allahn nan na wajen Bande, in kana karantawa ko wani ya karanta maka: ka kai ta wurin majo ka faɗa masa maganar barcin da ƙugin motar, ba zafin jiki kawai ba, ka roƙi takardar zuwa Damagaram. Ka sake bugo mana, wannan karon ba za mu sa kiɗa ba.